Awon Jikin Mace da Igiya

Mutane sukan ce mace mai ƙiba ita ce mai jin daɗi a gidan miji. Amma ƙiba in ta yi yawa, musamman ta tumbi, takan jawo hawan jini da ciwon sukari.

To, yaya mace za ta san ko ta wuce kima, ga shi ba sikeli a ƙauye? Kuma doguwa da gajera ba nauyi ɗaya ya kamace su ba. Ga dabara.

Ki sami igiya. Ki tsaya a miƙe, wata ta auna tsawonki tun daga tsakar ka har ƙasa, ta yanke. Ki ninka igiyar biyu. Ki zagaya cikinki da ita, sama da cibiya kaɗan, kada ki matse ciki. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitse ya yi yawa. Sai ki rage mai da sukari, ki yawaita ganye da wake.

Igiya ba ta nuna rama. Wadda take ramewa ba dalili ta je asibiti, kada ta sayi ƙwayar sa ƙiba a kasuwa. Mai ciki kuwa, awonta sai a asibiti.