Dokokin jarida a Arewacin Najeriya

Dokokin jarida a Arewacin Najeriya su ne dokokin da ke tsara yadda ake kafa jarida, da abin da za ta iya bugawa, da hukuncin da ke hawa kan ɗan jarida idan hukuma ta ga ya wuce gona da iri. Yawancinsu gado ne daga mulkin mallakar Turawan Ingila, kuma wasu sai da suka biyo ta ƙasar Indiya kafin su iso.

Asali

An kafa dokar jarida ta farko a Legas a shekarar 1903, wadda ta wajabta wa mai jarida yin rajista da kawo jingina ta fam 250. A shekarar 1909 Gwamna Walter Egerton ya kawo dokar hana tunzura jama'a a kan gwamnati. An kwaikwayo ta ne daga kundin hukunta laifuka na Indiya, inda sashe na 124A ya haramta irin wannan rubutu tun 1870. Da wannan sashe aka ɗaure Bal Gangadhar Tilak, mai jaridar Kesari, a 1897 da 1908, da shi kuma aka ɗaure Mahatma Gandhi a 1922 saboda rubutunsa a jaridar Young India.

Arewa ta sake gadon dokar Indiya ta wata hanyar. Kundin Final Kod da aka zartar a 1959, ya fara aiki a 1960, an gina shi ne a kan na Sudan, shi kuma na Sudan a kan na Indiya na 1860. A cikinsa ɓata suna da yaɗa ƙarya mai cutarwa laifuka ne da kan kai mutum gidan yari, ba ƙarar neman diyya kawai ba.

Jaridun farko

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, ƙarƙashin Hukumar Talifi da Rupert East ke jagoranta, Abubakar Imam kuma shi ne editanta na Hausa. Ta taimaka ƙwarai wajen daidaita rubutun boko, har da baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, jaridar Nigerian Citizen ta biyo baya a 1948, sai New Nigerian ta maye gurbinta a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966.

A nan Arewa ta bambanta da Legas. A can 'yan kasuwa da 'yan siyasa ne suka kafa jaridu, gwamnati ta bi su da doka. A Arewa kuwa gwamnati ce mai injin ɗab'i, ita ke biyan albashin edita, don haka ba kasafai take buƙatar zuwa kotu ba. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, ta dogara ne da jaridar Comet ta Nnamdi Azikiwe, wadda aka mayar Kano a 1949.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano a 1980, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Ita ma ta gwamnati ce, kuma gwamnatin jihar ce ta rufe ta a 2012, kafin daga baya a farfaɗo da ita.

Zamanin soja

Doka ta 4 ta shekarar 1984, lokacin mulkin Janar Muhammadu Buhari, ta haramta buga abin da zai kunyata jami'in gwamnati. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda. Janar Ibrahim Babangida ya soke ta a 1985. A zamanin Janar Sani Abacha, Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya yi ɓatan dabo. A 1998 hukumomi suka ce ya mutu a fashewar bam na otal ɗin Durbar a Janairun 1996, bayanin da abokan aikinsa suka ƙi yarda da shi.

Halin da ake ciki

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai alhakin bin diddigin gwamnati. An sa hannu kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai a 2011. Sai dai sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sabuwar hanyar kama 'yan jarida, har aka yi masa gyara a 2024.

A ƙananan hukumomi irin su Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, labari ya fi isa ga jama'a ta rediyo da wayar hannu fiye da takardar jarida. Shi ya sa ikon Hukumar NBC, da aka kafa a 1992, ya fi taɓa mai sauraro kai tsaye, domin tana iya dakatar da lasisin tasha. A Fabrairun 2013, bayan kisan masu allurar rigakafin shan inna a Kano, an gurfanar da ma'aikatan Wazobia FM a kotu kan wani shiri da suka gabatar, NBC kuma ta dakatar da lasisin tashar.