Sau Uku Aka Tambayi Alhaji Sunansa

Wannan karon ma daga Riyad nake rubuto muku.

Makonni uku da suka wuce na raka wani dattijo namu asibiti a nan. Abokin mahaifina ne tun zamanin da Baba yake da ɗan shagon magani a unguwarmu, ya zo wurin ɗansa da ke aiki a garin nan. Tun a gida likita ya ga wani tsiro a babban hanjinsa, ya ce sai an cire. Aikin da za a yi shi ne wanda ake kira endoskofi: ana zura siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa, ta baki in ciki za a leƙa, ta dubura in babban hanji ne, likita yana kallo a allo. Ba a yanka mutum. Ta cikin bututun ake zura ɗan zaren ƙarfe a tsinke tsiron. Alhaji ba ya jin Larabcin asibiti, ɗansa kuma yana wurin aiki, sai na zama tafinta.

A teburin karɓar marasa lafiya aka tambaye shi cikakken sunansa. Nas ta zo bakin gado ta sake tambaya, tana duba ɗan abin da aka ɗaura masa a hannu. Da aka shiga ɗakin aiki, kafin a yi masa allurar sa barci, likita ya dakatar da kowa, nas ta ɗauko takarda ta fara karantawa, tambayar farko kuwa suna. Alhaji ya juyo ya dube ni.

"Kai ɗana, mutanen nan kurame ne, ko ni suka raina?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙa'idarsu ce."

Aka ci gaba. Wane aiki aka ce za a yi maka? Ka sa hannu a takardar amincewa? Yaushe rabonka da abinci? Akwai maganin da jikinka ba ya karɓa? Sai aka zo kan wannan: kana shan maganin tsinka jini? Alhaji ya ce sam, jininsa lafiya lau, na hawan jini kawai yake sha. Haka ma ɗansa ya faɗa ranar da aka sa musu lokaci. Nas ba ta sa alama ta wuce ba, ta ce ko yana tafe da magungunan. Na fassara. Ya nuna aljihun babbar rigarsa da ke rataye, na zaro ƙullin leda. A ciki akwai na hawan jinin, da wani sashe na ƙwaya da ba kwali. Na juya bayansa na karanta: clopidogrel. An ba shi ne shekara biyu da suka wuce, lokacin da ɓarin jiki ya ɗan taɓa shi. Shi dai "ƙwayar zuciya" yake kiranta, kuma ya sha ta da asubar ranar.

Wannan ƙwaya aikinta ke nan, hana jini daskarewa. Tsinke babban tsiro a hanjin mai shan ta na iya jawo zubar jini, wani lokaci nan take, wani lokaci sai bayan kwanaki, mutum yana gida. Likita ya ajiye bututu, ya ce ba yau ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Alhaji ya yini bai ci abin kirki ba, ya sha ruwan wankin hanji mai yawa, ya kwana yana zirga-zirga tsakanin gado da ban ɗaki, sai ga shi an ce ya koma ya sake. Har muka isa gida bai ce mini uffan ba. Ni ma akwai nawa laifin. Sana'ata ke nan, sana'ar ubana ke nan, amma kunya ta hana ni cewa abokin Baba ya buɗe mini ledarsa kafin mu fito. Takardar nas ce ta yi aikin da ya kamata in yi.

Takardar nan ba ta fi shafi ɗaya ba, kuma asalinta daga ɗakin tiyata ne. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar kafin a sa mutum barci, kafin a sa wuƙa, da kuma kafin a fitar da shi daga ɗaki. Wani likitan tiyata na Amurka, Atul Gawande, shi ya jagoranci aikin. An gwada ta a asibitoci takwas, har da na Amman a Jodan da na Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a Janairun 2009 ya nuna mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Daga baya masu leƙen ciki suka ga su ma suna sa mutane barci, suna tsinka, suna ɗibar nama, don haka suka tsara tasu. Asibitin St Mark's na Landan ya wallafa yadda ya yi nasa a 2014.

A wannan shekara ta 2014 kuma aka buga wani binciken daga lardin Ontario na Kanada, inda aka tilasta wa asibitoci 101 amfani da takardar, aka kuma duba ba a ga wani canjin kirki ba. Ni wannan ya fi koya mini darasi. Ana iya cike takarda da alamun biro ba tare da an ɗaga kai an dubi mara lafiya ba. Da nas ɗinmu irin wannan ce, da an wuce wurin.

Saudiyya ta ɗauki lamarin da muhimmanci. Akwai hukumar tantance asibitoci da ake kira CBAHI, wadda dole kowane asibiti ya samu shaidarta, kuma tabbatar da ko wane ne mara lafiya kafin a taɓa shi na cikin abin da take dubawa. A 2017 aka kafa cibiyar kula da amincin marasa lafiya ta ƙasa a nan Riyad, a Maris na 2019 kuma ministocin lafiya na ƙasashe suka yi taro a Jidda kan wannan batu. Leƙen hanji aiki ne na kullum a asibitocin garin nan, don sankarar babban hanji ita ce kan gaba a cikin sankarorin da ke kama mazan Saudiyya. Inda ake layi haka, ga Muhammad Abdullahi uku a benci ɗaya, dole a maimaita suna. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama: dattawanmu da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo, tsofaffin Saudiyya da yawa kuma 1 ga Rajab. Shi ya sa ake haɗawa da lambar fayil.

Abin da nake so iyayena su riƙe shi ne, kusan rabin tambayoyin takardar nan ba likita ke da amsarsu ba, ku ne. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu da "ba komai" da "da sauƙi". A gaisuwa wannan ladabi ne. A bakin gadon endoskofi yana iya cutar da mutum.

Ku fara da magungunan jini. Sunayen da za ku nema a bayan sashe ko kwali su ne warfarin, clopidogrel, apixaban, rivaroxaban da aspirin. In leƙawa kawai za a yi, sau da yawa ba a dakatar da wasunsu. In za a tsinke tsiro, akan tsayar da warfarin kwana biyar kafin aiki, clopidogrel kuma kamar mako ɗaya. Amma ina roƙonku, kada wanda ya karanta wannan ya je ya daina sha da kansa. Mai ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya, in ya ajiye ƙwayarsa ba da izini ba, jijiyar na iya toshewa. Likitan da ya rubuta da wanda zai yi aikin su za su yi shawara. Na Alhaji ma sai da aka tuntuɓi likitan ƙwaƙwalwa.

Masu ciwon suga, batun ku daban ne. Za a hana ku abinci, in kuka yi allurar insulin ko kuka sha glibenclamide kamar kullum, suga zai iya faɗuwa ku suma. Ku tambaya tun ranar da aka sa muku lokaci yadda za ku rage. Ƙwayar ƙarin jini kuma tana baƙanta bayan gida ta rufe wa likita gani, akan ajiye ta kamar mako ɗaya kafin leƙen hanji.

Sai azumin aiki. In ta baki za a leƙa, awa shida ba abinci, ruwa zalla kuma a tsaya awa biyu kafin lokaci. Koko abinci ne. Kunu abinci ne, shayi mai madara ma haka, kuma a ajiye goro. Na sha jin "ai ɗan koko ne kawai na kurɓa". Mutumin da aka sa barci ba ya iya tari yadda ya kamata, in abin da ke cikinsa ya taso sai ya faɗa huhu. Haƙoran roba ma a cire, a faɗi in akwai mai girgiɗi.

Akwai abin da aka fi ɓoyewa. Jiƙo, tsimi, maganin basir na cikin gora: ku faɗa, ko da ba ku san abin da ke ciki ba, ku tafi da gorar. Matasanmu kuma da suka saba da tramadol ko maganin tari mai kodin, wannan ba wurin jin kunya ba ne. Allurar sa barci irin su midazolam da fentanyl suna rage numfashi. Jikin da ya saba da ƙwaya ba ya amsa su kamar na kowa, haɗuwarsu kuma na da haɗari. Likita ba ɗan sanda ba ne, awon allurarsa yake so ya daidaita. In a gaban uba ko miji ne ba za a iya faɗa ba, a nemi ganin nas a keɓe. Shi ya sa ma nake ganin ba kullum ne ɗan gida ya fi dacewa da tafinta ba.

Takardar tana da ƙarshe da mutane ba su cika lura da shi ba, don lokacin suna cikin magagi. Kafin a fitar da mara lafiya, ana karanta sunan da aka rubuta a jikin kwalbar da aka sa gutsuren nama, a tabbatar nasa ne, a kuma faɗi daga ina aka ɗebo. Sannan a yi wa ɗan rakiya bayani. Wanda aka yi wa allurar barci ba ya tuƙi, ba ya hawa babur, ba ya sa hannu a wata takardar ciniki har awa 24. In an ga jini mai yawa, ko baƙin bayan gida, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Ana wannan aiki a Korle Bu, da Komfo Anokye a Kumasi, da asibitin koyarwa na Tamale, da asibitoci masu zaman kansu. In kun je wani wuri ba a yi muku waɗannan tambayoyi ba, ku ku fara. Ku ɗora ledar magani a kan tebur ku ce ga abin da nake sha, wanne zan ajiye, yaushe zan koma masa. Ku nemi a rubuta muku.

Bayan kwana takwas muka koma da Alhaji. Wannan karon ledarsa na hannunsa, ba a aljihu ba. Nas ta buɗe baki za ta yi tambaya, ya riga ta, ya zayyano sunansa da na ubansa da na kakansa, har ta yi dariya. An cire tsiron, bai yi jini ba, likita ya rubuta masa ranar da zai koma shan ƙwayar zuciyarsa. Tsiron yana ɗakin gwaji, ranar Talata in Allah ya kai mu za mu je karɓar sakamako. A sa shi a addu'a.