Me ya sa firiza ke cika da ƙanƙara?

A Federal Low-Cost da ke Gombe, gidaje da yawa da firiza suke sana'ar zoɓo, kunun aya da ƙanƙara. Amma ƙanƙarar da ke kama bangon firiza asara ce: tana cinye wuri, ta hana sanyi ratsa kaya.

Danshi ne mafarinta, shi ya sa ta fi yawa da damina. Iska na shiga idan robar ƙofa ta saki. Maƙale takardar naira a ƙofar, ka ja ta; in ta zare ba gardama, a wanke robar da ruwan ɗumi ko a sauya ta. Zuba kunu da zafinsa da yawan buɗe-buɗen yara ma suna jawo ƙanƙarar.

In ta yi kauri, cire soket, kwashe kaya, ajiye kwanon ruwan zafi a ciki har ta narke. Kada a sa wuƙa, duk saurin da ake yi. Bututun gas na manne da bangon, kuma gas ɗin, in R600a ne, yana kama wuta.

Idan firiza mai narkar da ƙanƙara da kanta ce ta daskare, galibi hita ko taima ce ta mutu. Wannan sai mai gyara.