Garin Gyaran Gira: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Sabunta Mata BIOS

Akwai wata matsala da takan sami masu kwamfuta wadda, da ganin farko, mutum sai ya ɗauka dukiyarsa ta salwanta ke nan. Kwamfuta tana aiki lafiya lau, sai a sabunta mata BIOS, ko kuwa ita da kanta ta sabunta, da an zo kunnawa sai fanka ta yi ta juyawa, fitila tana haske, amma monita baƙi ƙirin. Ga 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, gama da yawa daga cikinsu, kamar 'yan canji da dillalan kayan gwari da masu shagon buga takardu, lissafin cinikinsu da na bashin da suke bi duk yana cikin wannan akwati. Sau da yawa kuwa cutar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma wanda ya san matakan da ake bi yakan tsira da kuɗinsa da takardunsa baki ɗaya.

Abin da ake nufi da BIOS

A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, inda ake soka firosesa da ram da sauran kaya. A jikin allon nan akwai wani ɗan guntu baƙi, galibi mai ƙafa 8, wanda bai kai girman farce ba. A cikinsa aka rubuta umarnin farko da kwamfuta ke bi da zarar an danna maɓalli: ta gwada ram, ta nemo monita, ta nemo faifan da Windows take ciki, sa'an nan ta miƙa mata ragama. Wannan umarni shi ne BIOS. Wani Ba'amurke, Gary Kildall, shi ya fara amfani da sunan a 1975, kana kamfanin IBM ya sa shi cikin kwamfutarsa ta 1981. Kwamfutocin yanzu suna aiki da sabon tsari mai suna UEFI, amma tsohon sunan ya zauna a bakin jama'a, kamar dai yadda har gobe ake cewa NEPA alhali an canza mata suna tun 2005.

Sabunta BIOS yana nufin a goge rubutun da ke cikin guntun nan a rubuta wani, aikin da yakan ɗauki 'yan mintoci. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko aka zuba wanda ba na allon ba, to guntu zai zauna babu tsoho babu sabo, firosesa kuwa ba ta da abin karantawa. Duniya ta ga misalin haka ranar 26 ga Afrilu 1999, sa'ad da wata cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda ta fito daga Taiwan, ta lalata BIOS na ɗimbin kwamfutoci a ƙasashe da dama.

Dalilin da ya sa ake sabuntawa

Mai karatu yana iya tambaya, in haɗarin ya kai haka, me ya kai mutum? Wani lokaci tilas ce. A 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu firosesocinsa na kwamfutar tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, abin da ke sa su lalace a hankali. Kamfanin ya fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta, da 0x12B a watan Satumba, kuma ta hanyar sabunta BIOS gyaran ke isa ga mai kwamfuta. Ya kuma ƙara shekara 2 a kan garantin waɗannan firosesoci. Gyaran yana hana lalacewa nan gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Don haka idan irin wannan kwamfuta ta ci gaba da ɗaukewa bayan an sabunta, mai yiwuwa ne firosesar ce ta gaji tun da farko.

Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana bukatar wani abin tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ya sa mutane da yawa shiga BIOS. Su kuma laftof irin na HP da Dell da Lenovo, waɗanda suka cika kasuwannin 'yan tokunbo, sukan karɓi sabon BIOS tare da sauran sabuntawar Windows, mai ita bai ma sani ba.

Haƙuri tukuna

Abu na farko shi ne kada a yi gaggawar kashe ta. Bayan sabuntawa kwamfuta takan kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku, kuma masu ram irin DDR5 sukan ɗauki mintoci suna daidaita shi, monita ba ta nuna kome. Wanda ya zare fulogi a wannan lokaci yana iya jawo ɓarnar da yake gudu da hannunsa. A ba ta kamar minti 15. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

In lokacin ya wuce babu labari, sai a duba jikin allon. Da yawa daga allunan zamani suna da ƙananan fitilu 4 da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda tafiya ta tsaya: firosesa, ko ram, ko hoto, ko faifai. Tsofaffin kwamfutoci kuwa ƙara suke yi, littafin allon yana bayyana ma'anar kowace irin ƙara.

A mayar da ita yadda ta fito daga kamfani

Sau da yawa sabon BIOS ya shiga daidai, tsofaffin saituttuka ne suka ƙi jituwa da shi, musamman idan an ƙara wa ram gudu da abin da ake kira XMP ko EXPO. Maganin haka shi ne a goge saitin. A kashe soket, a zare waya, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. Sa'an nan a cire ɗan batirin nan mai kama da sulalla, mai lamba CR2032, a jira minti 5, a mayar. Wasu alluna suna da ƙusoshi biyu da aka rubuta wa CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1, waɗanda ake haɗawa da bakin sukudireba na ɗan lokaci, wuta a kashe. Wannan ba ya taɓa takardun da ke cikin faifai ko kaɗan.

Idan har yanzu shiru, sai a rage mata kaya. A cire firinta da filashi da duk abin da aka soka ta baya, a bar ram ɗaya tak a ramin da littafin allon ya nuna, in bai yi ba a gwada ɗayan. Mai katin hoto na dabam yana iya cire shi ya soka wayar monita a jikin allon, muddin firosesarsa tana da hoto nata na kanta.

Hoto ya fito amma Windows ta ƙi

Wannan alama ce mai kyau, domin allon yana da rai. Abin da ya faru shi ne sabuntawar ta canza saiti. A shiga BIOS da maɓallin Del ko F2, ko F10 a kwamfutocin HP, a tabbata faifan Windows ne a sahun farko. Tsohuwar Windows da aka zuba bisa tsohon tsari tana bukatar a kunna CSM kafin a ga faifanta. Haka kuma idan saitin faifai ya juya daga AHCI zuwa RAID, ko akasin haka, shuɗin allo zai bayyana, kuma mayar da shi yadda yake a da shi ne magani.

Babban haɗarin yana wajen makullin BitLocker. Windows takan kulle faifai, ta ajiye mabuɗin cikin TPM, kuma tun daga zubin 24H2 na 2024 Windows 11 takan yi haka da kanta a kwamfutoci masu yawa da aka shiga da asusun Microsoft. Idan BIOS ya canza, tana iya neman mabuɗin ceto mai lamba 48. Galibi ana samunsa cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, kuma ana iya dubawa ta wayar hannu. A wasu allunan AMD wani saƙo yakan fito yana tambaya a danna Y ko N game da fTPM. Y yana goge mabuɗin da ke ciki, saboda haka wanda lambobin nan 48 ba su hannunsa ya danna N. Idan mabuɗi ya ɓata ta kowace fuska, ko kamfanin Microsoft ba ya iya buɗe faifan.

Idan guntun ne ya lalace

Masu ƙera alluna sun tanadi hanyar ceto. ASUS suna kiran tasu USB BIOS FlashBack, Gigabyte suna da Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button, kuma duk suna aiki ko da monita ba ta nuna kome. Ana sauko da BIOS daga shafin kamfanin ta wata kwamfuta, bayan an duba cikakken sunan allon da lambar zubinsa harafi da harafi, gama allo mai DDR4 da mai DDR5 suna iya zama suna ɗaya in ban da ƙarshe. A zuba shi cikin ƙaramin filashi mai tsarin FAT32, a canza masa suna yadda kamfanin ya ce, misali MSI.ROM ko GIGABYTE.bin. A soka a ramin da aka keɓe, kwamfuta a kashe amma soket a kunne, a danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙiftawa na 'yan mintoci, kuma ba a taɓa kome sai ta daina.

Laftof ma suna da tasu hanya. A yawancin na HP ana danne maɓallin Windows da B tare, a danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa 2 ko 3, a sake shi, a ci gaba da riƙe sauran har allon ceto ya fito. A na Dell kuwa ana zare caja, a danne Ctrl da Esc, sa'an nan a soka caja.

Zuwa wurin mai gyara

Idan duk wannan bai yi ba, allon bai zama bola ba tukuna. Masu gyara a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba sun san wata 'yar na'ura mai suna CH341A, wadda ake maƙala wa guntun a sake rubuta shi kai tsaye, kuma wannan ya fi sayen sabon allo araha nesa ba kusa ba. Mai kwamfuta ya nemi a fara kwafe abin da ke cikin guntun a ajiye, domin a nan lambar kwamfutar take, wani lokaci har da lasisin Windows. Ya kuma tambaya ko guntun mai ƙarfin wuta 1.8 ne ko 3.3, gama in aka ba na farko wutar na biyu yana iya ƙonewa.

Baƙon da Turancinsa ko Yarbancinsa bai nuna ba ya kamata ya tafi da ɗan'uwa wanda ya san kasuwa, a yi ciniki kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a rubuta lambobin ram da firosesa a takarda. In da hali a cire faifai a bar shi gida. Duk wanda ya ce sai an goge faifai kafin kwamfutar da ba ta nuna hoto ta tashi, to a nemi wani, domin faifai ba shi da hannu a wannan cuta.

Rigakafi

Kwamfutar da ke aiki daidai, kuma kamfani bai ba da sanarwar wata matsala a kanta ba, babu dalilin taɓa BIOS ɗinta. In kuwa ya zama dole, a fara kwafe lissafi da takardu zuwa wani wuri, a rubuta lambobin nan 48 cikin littafin shago, a dakatar da BitLocker, a ɗauki hoton saitin BIOS da waya. Ba a yin wannan aiki da wutar gari kaɗai, ko da janaretan da mansa ya kusa ƙarewa. Kwamfutar tebur tana bukatar UPS mai lafiyayyen batir, laftof kuwa a cika ta da caji kuma a bar cajar a soke har aiki ya ƙare. Mai shago da ke da kwamfuta fiye da ɗaya ya fara da guda, ya ga ta tashi ta yi aikin yini, kafin ya taɓa sauran.