Salon Kundin Ilimi da Salon Rage Illa: Wanne Ya Fi Tsare Rai?

A Amurka da Turai akwai baligai da ke haɗa mu'amalar kusanci da ɗauri da igiya, ko duka, ko wasan miƙa wuya, bisa yardar juna. Ko mutum ya ƙyamaci abin ko bai ƙyamata ba, yana jawo raunuka, wani lokaci har da rasa rai. Shi ya sa aka daɗe ana rubuta bayanan kariya a kansa, sau da yawa a kundayen intanet da kowa ke iya sa hannu ya gyara. Masu tace irin wannan kundi suna da salo biyu a gabansu, kuma kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Na farko shi ne salon kundin ilimi, irin na Wikipedia da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a 2001. Ƙa'idojinsa sanannu ne: marubuci ba ya ɗaukar ɓangare, ba ya shigar da binciken kansa, kuma duk maganar da za a iya musantawa sai ya nuna inda ya samo ta. A fannin lafiya an ƙara tsanantawa, ana fifita littattafan koyar da likitanci da matsayar hukumomin lafiya a kan rahoton bincike guda ɗaya. Sannan kundin ya bayyana cewa shi ba littafin koyar da yadda ake yin abu ba ne.

Na biyu shi ne salon rage illa, wanda ya yi ƙarfi a zamanin annobar ƙanjamau. A 1983, a birnin New York, Richard Berkowitz da Michael Callen, da shawarar likita Joseph Sonnabend, suka fitar da ɗan littafi da ke gaya wa mutane kai tsaye yadda za su rage haɗarin kamuwa. Tunanin shi ne, wanda ya riga ya ƙudura zai yi abu, wa'azi ba zai tsayar da shi ba, gara a faɗa masa inda ramin yake. Wannan salo yana magana da mai karatu ido da ido: yi kaza, bar kaza, in ka ga kaza ka tafi asibiti.

Bambancin yana fitowa fili a batun ɗauri. Salon kundi zai rubuta cewa matse damtse na iya danne jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, har hannun ya saki na makonni ko watanni, ya kawo hujja, ya yi shiru. Magana ce ta gaskiya, amma ba ta gaya wa kowa abin da zai yi a daidai lokacin da yatsu suka fara mutuwa ba. Salon rage illa zai ce a ajiye almakashi kusa, a yanke igiyar da zarar an ji mutuwar jiki, kada a bar wanda aka ɗaure shi kaɗai ko na minti ɗaya, kuma a yarda tun farko da kalma ko alamar da in an yi ta komai zai tsaya. A nan salo na biyu ya yi wa na farko fintinkau.

Sai dai ƙarfin nasa shi ne rauninsa. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma in kowane hannu zai zuba abin da ya ga dama, miyar ba za ta shawu ba. Mutum zai rubuta cewa ya shekara yana yin abu bai taɓa ganin illa ba, wani ya kwafa, a hankali dacen mutum ɗaya ya zama doka. Su kansu masu wannan ɗabi'a sun gane matsalar. Takensu na 1983, wanda aka danganta ga David Stein, ya ginu ne a kan aminci da hankali da yarda. A 1999 Gary Switch ya kawo wani da ya jingina a kan sanin haɗari da yarda, domin a ganinsa babu abin da ya kuɓuta daga haɗari gaba ɗaya.

Shaƙe wuya shi ne inda ake gane editan ƙwarai. Danne jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa na iya sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa cikin mintuna. Jijiyar na iya tsagewa daga ciki, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya bayan kwanaki, alhali wuyan ba tabo. Wanda aka shaƙe ma ba ya iya furta kalmar tsayawa. Jay Wiseman, marubuci a wannan fanni da ya taɓa aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, ya daɗe yana cewa babu wata dabara da ke kawar da wannan haɗari. Duk shafin da ya jera matakan yin sa cikin sauƙi ya yaudari mai karatu, komai kyawun niyyar marubucin.

Shari'a ma tana buƙatar tsantsenin salon kundi. A 1993, a shari'ar Brown, kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa yarda ba ta zama kariya ga wanda ya ji wa wani rauni a irin wannan hali. Dokar cin zarafi a gida ta 2021 ta Ingila da Wales ta tabbatar da haka a rubuce, ta kuma mai da shaƙewa laifi mai zaman kansa, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Dole edita ya faɗi ƙasar da doka ta shafa da shekarar da aka yi ta, don abin da ya halatta a nan yana iya kai mutum kurkuku a can.

Saboda haka ni a ganina rabon aiki ya kamata a yi, amma ba raba daidai ba. Duk maganar da ta shafi jiki ko doka, a riƙe ta da ƙa'idar kundi: ba hujja, a goge. Gargaɗi da alamomin gaggawa kuwa a rubuta su da muryar rage illa, a gajarce, a saman shafi. In kuma gogewar masu yi ta ci karo da binciken likitoci, a bi likitoci, domin waɗanda abin ya kashe ba sa cikin masu gyara kundin.