Tsohon hoto a kasuwar gwanjo

A gidaje da yawa na Madawa da Buza da Keita akwai tsofaffin hotuna. Wasu suna rataye a bango. Wasu suna cikin adaka, ƙarƙashin tufafi. Wasu kuma gara ta cinye su, don ba wanda ya kula. Amma a manyan birane kamar Paris da Landan da New York, akwai mutanen da ke tara irin waɗannan hotuna. Suna sayen su da tsada a kasuwar gwanjo.

Mene ne gwanjo?

Kun san kasuwar dabbobi. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, su yi ta ja har a daidaita. Gwanjo ba haka yake ba. Masu saye suna taruwa wuri guda. Tun kafin ranar, an buga littafi mai bayanin kowane hoto, kowa kuma ya zo ya duba da idonsa. Ran gwanjo sai dillali ya tsaya da ƴar guduma a hannu, ya faɗi kuɗin farawa. Wannan ya taya, wancan ya ƙara. In aka kai inda ba mai ƙarawa, sai ya buga guduma. Wanda ya yi tayin ƙarshe shi ne mai hoto. Zai biya kuɗin, ya kuma biya la'ada.

A shekarar 2006, a New York, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani hoto dala miliyan 2.9 na Amurka. A kuɗinmu ya fi jika miliyan ɗaya da rabi. Wani mai suna Edward Steichen ya ɗauke shi a 1904. Ba sarki a ciki, ba sarauniya. Tafki ne kawai, da itatuwa, da hasken wata.

Me ke sa hoto tsada?

Na ɗaya, ƙaranci. Hoton nan na tafki guda ukku ne kawai aka sani a duniya. Abin da ya yi ƙaranci, masu so kuma suka yi yawa, dole ya yi tsada. Haka albasa take yi da damina.

Na biyu, lokacin da aka wanke shi. A da, ana ɗaukar hoto a kan fim. A jikin fim fari yana fitowa baƙi, baƙi yana fitowa fari. Fim shi ne uwar hoto: da shi ana iya wanke hoto ɗaya sau ɗari. Masu tara hotuna sun fi son wanda mai ɗaukar ya wanke da kansa, a zamanin da ya ɗauka. Shi ne na asali.

Na ukku, sunan mai ɗauka da gwanintarsa. Shi ya sa ake juya hoto a duba bayansa, ko akwai hatimi ko sa hannu.

Na huɗu, lafiyar takarda. Hoton da ya yage ko ya koɗe, kuɗinsa ya ragu.

Na biyar, tarihinsa. Ana so a san hannun wa ya fito, don kada a sayi na sata ko na jabu.

Gwanayen ƙasashenmu

Ba hotunan Turawa kaɗai ake nema ba. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani gwani, Seydou Keïta. Sunansa ya zo ɗaya da na garin Keita, amma shi mutumin Bamako ne. Ya buɗe shagonsa a 1948. Mutane suna zuwa da adonsu, ya shimfiɗa zane a bayansu, ya ɗauke su. Yakan ba su hotonsu, shi kuma ya adana fim. Da haka ya tara dubbai.

A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York, ba tare da sunansa ba, don masu nunin ba su san mai su ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya je Bamako cigiya, har ya same shi. Da yake fim yana nan lafiya, sai aka wanke sababbin hotuna manya-manya, duniya ta san shi. Ya rasu a 2001. A 2016 aka yi babban nunin aikinsa a Paris.

A Yamai ma an yi Philippe Koudjina. Ya ɗauki samari da ƴan mata na birnin wajen wasanni da bukukuwa, a shekarun farko na samun ƴancin kai. Ya rasu a 2014. Hotunansa suna nuna mana Yamai ta wancan zamani.

Namu na gida fa?

Ba kowane tsohon hoto ke kawo kuɗi mai yawa ba. Galibinsu ba za su shiga gwanjo ba ko kaɗan. Amma hoto yana da wata daraja wadda ta fi kuɗi: shaida ne.

A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska. A 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon Italiya. Mata da yawa sun ɗauki duwatsu, sun haƙa ramuka, sun dasa itatuwa a kan tuddai. Hoton da aka ɗauka kafin waɗannan ayyuka yana nuna yadda ƙasa take a da. In ya ɓace, da me za ku nuna wa ƴaƴanku aikin kakanninsu?

Saboda haka, yara, ku taimaki iyayenku:

Ku ajiye hoto cikin ambulan, nesa da rana da laima da gara.
Ku kama shi ta gefe, da hannu mai tsabta.
Ku tambayi tsofaffi sunan mutanen da ke ciki, da garin, da shekarar. Ku rubuta a baya da fensir, ba da biro ba.
In kun ga fim, kada ku yar.
In baƙo ya zo sayen tsofaffin hotuna, kada a yi gaggawa. A yi shawara da dangi da malamai. Abin da ya fita gida da araha, da wuya ya dawo.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin gwanjo da cinikin kasuwar dabbobi?
2. Faɗi abubuwa ukku da ke sa hoto tsada.
3. Me ya taimaki Seydou Keïta har duniya ta san shi?
4. Nemi tsohon hoto a gidanku, ka rubuta layi biyar a kansa.