Ƙiba ko lafiya? Abin da sikeli ke faɗa, da abin da ya ke ɓoyewa

A Maraɗi ko Damagaram, in saurayi ya dawo daga Legas, Abijan ko Turai ya yi tumbi, sai ka ji ana cewa "wane ya samu wuri". Amaryar da ba ta yi ƙiba ba bayan wata shida kuwa, mijin ne za a tuhuma. Sai dai likitoci na kallon lamarin daban, domin yawan kitse na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa. To, ta yaya mutum zai san ko nauyinsa ya yi daidai da jikinsa?

Lissafin IMC

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a asibitoci shi ne IMC, wanda masu Ingilishi ke kira BMI. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19, sunan da ya ke ɗauke da shi yanzu kuwa masanin Amurka Ancel Keys ya ba shi a 1972.

Lissafin ba wuya. A ninka tsawon mutum a mita sau kansa, sai a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 80: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, kilo 80 a raba da 2.89 ya ba da 27.7.

Ga manya, OMS ta tsara sakamakon kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ya yi daidai; daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce da ke buƙatar kulawar likita. Ke nan mai tsawon mita 1.70 ya kamata ya tsaya tsakanin kilo 54 da 72, mai tsawon mita 1.60 kuma tsakanin kilo 48 da 63.

Inda lissafin ke kuskure

Sikeli na auna komai a haɗe: ƙashi, tsoka, ruwa da kitse. Ɗan kokowar da ke fafutukar ɗaukar takobi na iya samun IMC sama da 25 alhali mafi yawan nauyinsa tsoka ce. Ma'aikacin ofis siriri, mai ƙananan hannuwa da ɗan tumbi, wanda ba ya zuwa ko bakin titi sai a kan babur, na iya samun 23 ya ɗauka lafiyarsa lau, alhali kitse ya taru masa a ciki.

Shi wannan kitse na ciki, mai lulluɓe hanji da hanta, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari. Shi ke sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Shi ya sa a watan Janairun 2025 wani kwamitin ƙwararru na duniya, a mujallar likitanci ta Lancet, ya ba da shawarar a daina dogaro da IMC shi kaɗai, a riƙa haɗa shi da awon ƙugu.

Akwai kuma abin da ƴan uwa mazauna waje ya kamata su sani. Hukumar NICE ta Ingila ta sauko da iyakar ga baƙar fata ƴan asalin Afirka da mutanen Asiya: nauyi ya wuce kima daga 23, ƙiba daga 27.5, saboda ciwon sukari kan kama su tun nauyin bai kai na Turawa ba.

Awon ƙugu da tef ɗin tela

Wannan awo ba ya cin ko dala. A tsaya a miƙe, a zagaya tef tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, bayan an saki numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba. Ga namiji, haɗari na farawa sama da santimita 94, ya tsananta sama da 102. Ga mace, iyakokin su ne 80 da 88.

Wanda ba shi da tef ya samu igiya. Ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa kai, ya naɗe igiyar gida biyu, ya zagaya cikinsa da ita. In bakin biyu ba su haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawo, lokacin rage ciki ya yi. Mai tsawon mita 1.70 bai kamata ya kai santimita 85 ba.

A wasu wuraren motsa jiki akwai sikelin da ke nuna kason kitse ta hanyar tura ƴar wutar lantarki cikin jiki. Sakamakonsa kan canza da yawan ruwan da mutum ya sha, don haka awon mai azumi da yamma ba abin dogaro ba ne. Kuma a halitta mace ta fi namiji kitse, bai dace ta kwatanta lambarta da ta mijinta ba.

Waɗannan iyakoki na manya ba su shafi mai juna biyu ba, haka ma yara. Su yara ana duba nauyinsu bisa shekaru da tsawo, ko da tef ɗin nan mai launi uku da ake ɗaura wa ƙanana a dantse a CSI.

In lambar ta yi sama ko ƙasa

Wanda IMC ɗinsa bai kai 18.5 ba, ko ya ke ramewa ba dalili, ya je a duba shi, domin tarin fuka, ciwon sukari da wasu cututtuka kan fara da rama. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa ba mafita ba ne. Wasunsu, kamar dexamethasone, kan kumbura fuska da ciki, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi.

Wanda nauyinsa ya wuce kuwa, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, ya isa ya taimaka wa jini da sukari su sauka. OMS na ba da shawarar motsa jiki na minti 150 aƙalla a mako, kamar tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar, da taƙaita sukari ƙasa da ƙaramin cokali 12 a rana. Mai shan shayi zagaye uku a fada, ya ɗora lemon kwalba, kan wuce wannan adadi tun kafin dare.

Duk wanda ƙugunsa ya wuce iyaka, ko da sikeli ya ce nauyinsa daidai ne, ya kamata ya je a auna masa jini da sukari. Waɗannan cututtuka biyu kan yi shekaru a jiki ba tare da wata alama ba.